Garun Damagaram da labarin ƴan matan da aka gine a cikinsa: me tarihi ya sani game da hadaya da yara?

Mutane da yawa da suka tashi a Damagaram sun ji wannan labari tun suna yara. An ce lokacin da Sarki Tanimu ya gina garun da ya kewaye Birni, an sa Alƙur'anai a cikin ginin, an kuma gine wasu ƴan mata budurwoyi da ransu, don kada maƙiyi ya taɓa cin garin da yaƙi. Tsofaffi na ba da shi, masu yi wa baƙi jagora a unguwar Birni na maimaita shi, har ya shiga littattafan masu yawon buɗe ido na Turai.

Wasu na ba da labarin da alfahari, a matsayin shaidar ƙarfin sarki. Wasu kuma na cewa ƙage ne da aka yi wa sarki Musulmi. Wannan bayani ya tattaro abin da aka sani game da garun, da irin wannan labari a wasu ƙasashe, musamman ƙasar Bani Isra'ila ta dā, inda maganar hadaya da yara ta fi ko'ina shiga rubuce.

Garun da wanda ya gina shi

Gidan sarautar Damagaram ya kafu a farkon rabin ƙarni na 18, ƙarƙashin inuwar daular Borno. Sarki Sulemanu ne ya mai da Zandar mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Tanimu, wanda Faransawa ke rubutawa Tanimoune, shi ne ya ɗaukaka masarautar. Ya yi fiye da shekara 30 a kan gadon mulki, ya rasu a 1884.

A zamaninsa fatake daga Tarabulus da Ghadames da Ghat suna sauka a Zango, suna kawo bindigogi da albarushi da tufafi, suna tafiya da fatu da gashin jimina da bayi. Tanimu ya tara barade masu yawa da ƴan bindiga, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin garinsa. A tsakiyar shekarun 1850 ya ta da garun Birni. Turawan da suka gan shi a ƙarshen ƙarnin sun ce katanga ce ta ƙasa mai kauri ƙwarai daga gindi, tsayinta ya kusa mita 10, tana da ƙofofi 7.

Matafiya biyu na Turai da suka fi yin bayanin Damagaram ta wancan lokaci sun riga wannan gini zuwa. James Richardson, ɗan Ingila, ya zauna a garin a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya yi rubutu mai yawa kan hukuncin kisa da farautar bayi. Heinrich Barth, Bajamushe, ya iso a Disamban 1852, ya tashi a ƙarshen Janairun 1853. Tarihin masarautar kuwa, daga bakin dattawa aka fi tattara shi, tun daga aikin Landeroin na ayarin Tilho (1906 zuwa 1909) har zuwa littafin da marigayi Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram, ya buga a 1971. Shi ma labarin ƴan matan, baki ne ya riƙe shi.

Alƙur'ani da jini a gini ɗaya

Abin da ke ba mai saurare mamaki shi ne haɗa abu biyu da ba su haɗuwa: Littafin Allah da jinin ɗan Adam. Amma a fadojin ƙasar Hausa da Borno na dā, an daɗe ana gauraya Musulunci da al'adun kakanni a sha'anin tsare gari.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya ba da misali biyu. Ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya fara ganuwar Kano a ƙarni na 12, ya yanka shanu 100 a ranar da aka soma aikin. Ya kuma ba da labarin Dirki, wato Alƙur'ani da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu don kare birnin, har zuwa zamanin Sarki Alwali, sarkin ƙarshe kafin jihadi, wanda ya ƙi ba da shanu 40 ya sa aka farke shi. Yanka wa itatuwa da duwatsu na cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa a kai.

Wannan ya nuna cewa zubar da jini a gindin ganuwa da mai da Alƙur'ani laya ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Sai dai jinin da waɗannan misalai suka ambata na dabbobi ne. Haka ma a wurin Anna da Maguzawa, abin da masu bincike suka gani da idonsu a ƙarni na 20 yankan kaza ne da akuya da sa, kowane iska da launin dabbarsa.

Ba Damagaram kaɗai ba

A Jenne ta ƙasar Mali ana ba da labarin Tapama, wata yarinya ƴar ƙabilar Bozo. An ce katangar garin ta yi ta zubewa, sai aka gine ta da rai a ciki, ginin ya tsaya. Har yau ana nuna wa baƙi kabarinta. Wanda ya yi lakwal a Nijar zai tuna da Sarauniya Abla Poku, wadda aka ce ta ba kogin Komowe ɗanta don mutanenta su haye, a ƙarni na 18, suka kafa ƙasar Bawule a Kodebuwa. Soninke kuma suna da labarin macijin Wagadu da ake ba budurwa kowace shekara.

A Turai ma akwai irinsa: ana ba da labarin matar da aka gine a ganuwar Rozafa ta ƙasar Albaniya, da matar magini Manole a Romaniya. Ƙirar labarin kusan ɗaya ce a ko'ina. Akwai gari ko gini da ke cikin haɗari, akwai mai duba da ya faɗi magani, akwai kuma yaro ko mace da ba ta da ikon cewa a'a.

Bani Isra'ila: inda aka rubuta

Littattafan Yahudawa da Kirista ke kira Tsohon Alkawari sun ambaci hadaya da yara a wurare da dama. Masana tarihi na karanta su a matsayin shaidar abin da ya faru a masarautun Isra'ila da Yahuza da maƙwabtansu tsakanin ƙarni na 9 da na 6 kafin Miladiyya. Sukan raba al'amarin gida uku.

Na farko, hadayar lokacin tsanani. Littafin Sarakuna na biyu, babi na 3, ya ce rundunar Isra'ila da ƙawayenta sun kewaye Mesha, sarkin Mowab, a birninsa. Da ya ga yaƙi ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauki ɗansa na fari, mai jiran gado, ya ƙone shi hadaya a bisa ganuwa. Littafin ya ce maharan sun janye bayan haka. Mesha mutum ne na tarihi: a 1868 an gano dutsen da ya sa aka rubuta nasarorinsa a Dhiban ta ƙasar Jodan, yana gidan tarihi na Louvre a Paris, ko da yake dutsen bai ambaci wannan hadaya ba. Littafin Mahukunta, babi na 11, ya ba da labarin Yefta, shugaban yaƙi da ya yi bakance cewa idan ya ci nasara zai yi hadaya da duk abin da ya fara fitowa daga gidansa ya tarye shi. Ƴarsa tilo ce ta fito. An ba ta wata 2 ta yi makoki da ƙawayenta, sannan ya cika bakancensa. Littafin bai faɗi sunanta ba.

Wanda ya fi kama da labarin Damagaram yana cikin Littafin Sarakuna na ɗaya, babi na 16. A zamanin Sarki Ahab wani mai suna Hiyel ya sake gina birnin Yariko. Ya rasa ɗansa na fari, Abiram, wajen aza harsashi, ya rasa autansa, Segub, wajen kafa ƙofofi. Wasu masana na ganin hadayar gini ce. Wasu na cewa mutuwa ce kawai da marubucin ya ɗauka a matsayin cikar la'anar da Joshuwa ya ɗora wa duk wanda zai sake gina birnin.

Na biyu, maganar ɗan fari. Littafin Fitowa, babi na 22, ya ce ɗan fari na Allah ne, kamar ɗan fari na saniya da na tunkiya, bai kuma yi maganar fansa a nan ba. Babi na 13 da na 34 su ne suka ce a fanshi ɗan mutum. Littafin Ƙidaya, babi na 18, ya yanke kuɗin fansar: shekel 5 na azurfa idan jariri ya cika wata ɗaya. Yahudawa masu riƙo da addini na yin wannan fansa har yau.

Na uku, ƙona yara a Tofet, wani wuri a Kwarin Hinnom, a bayan ganuwar Birnin Ƙudus. Littafin Firistoci ya hana ba da yara ga Molek, ya yanke hukuncin jifa ga wanda ya yi. Duk da haka Littafin Sarakuna ya zargi sarakunan Yahuza biyu, Ahaz na ƙarni na 8 da Manassa na ƙarni na 7, da sa ƴaƴansu a wuta. Sarki Yosiya, wanda ya yi mulki daga 640 zuwa 609 kafin Miladiyya, ya ƙazantar da Tofet don kada a ƙara yin haka a wurin. An daɗe ana ɗaukar Molek sunan gunki ne, har 1935 lokacin da Otto Eissfeldt, wani masani Bajamushe, ya kawo hujja cewa sunan wani irin hadaya ne. Har yanzu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Daga sunan wannan kwari, Ge Hinnom, aka sami kalmar Gehenna, kuma masana harsuna da yawa na danganta kalmar Jahannama da ita.

Akwai abin lura a Littafin Irmiya. Sau uku, a babi na 7 da na 19 da na 32, ya nanata cewa Allah bai taɓa umartar ƙona yara ba. Ba a musanta abin da ba wanda ya faɗa. Don haka masana da yawa suka fahimci cewa daga cikin masu yin abin akwai waɗanda ke ganin Allah suke wa ibada, suna ba shi abin da suka fi so. Littafin Mika, babi na 6, ya kawo tambayar a fili, ko mutum ya ba da ɗansa na fari don a yafe masa zunubi, ya amsa da cewa abin da ake nema gare shi adalci ne da jinƙai da tawali'u. Ke nan hadaya da yara ba kullum take zuwa da sunan gunki ba. Takan sa rigar addini, kamar yadda labarin Damagaram ya ajiye Alƙur'ani kusa da ƴan matan.

Kartaj: inda aka tarar da ƙasusuwa

A Kwarin Hinnom masu tonon kayan tarihi ba su gano Tofet ɗin ba. Shaidar Ƙudus rubutu ce. Ƙasusuwa kuwa a Afirka aka same su. Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, Finikiyawa ne daga gaɓar Lebanon suka kafa ta, kuma harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne. A 1921 aka gano wani fili a can cike da tukwane masu ɗauke da ƙonannun ƙasusuwan jarirai da na ƴan raguna da ƴan awaki, da duwatsu masu rubutun bakance ga Ba'al Hammon da Tanit. Masu binciken da suka yi tono a wurin a shekarun 1970 sun ƙiyasta an binne tukwane wajen 20,000 tsakanin shekara ta 400 da ta 200 kafin Miladiyya.

Nan ma akwai saɓani. Wasu masana sun ce maƙabarta ce ta jariran da suka mutu wajen haihuwa. Wasu, kuma su ne suka fi yawa, sun ce rubutun duwatsun da shekarun jariran na nuna hadaya ce, har da wani rukuni da ya buga sakamakonsa a 2013. Da daɗewa wasu na cewa ƙage ne da Girkawa da Rumawa suka yi wa abokan gabarsu, sai ƙasa ta fito da tukwanen.

Yadda ake auna irin wannan labari

Shaida iri uku ce: rubutu, da ƙasusuwa, da baki. Ƙudus na da rubutu. Kartaj na da rubutu da ƙasusuwa. Damagaram da Jenne na da baki. Kowace na da rauninta.

Akwai dalilin yin taka-tsantsan kafin a gaskata. Zargin yanka mutane tsohon makami ne na ɓata abokin gaba. Marubutan Littafin Sarakuna sun ɗora laifin a kan sarakunan da ba su so. Turawan mulkin mallaka sun kafa hujja da irin wannan zargi wajen yaƙar Asante a 1874, da Dahome a 1892, da Benin a 1897. Sannan idan labari ɗaya ya bayyana a Mali da Albaniya da Nijar da tsari iri guda, yana iya zama hanyar da mutane ke bayyana girman gini da wahalar da talakawa da bayi suka sha wajen yin sa.

Akwai kuma dalilin kada a yi saurin ƙaryatawa. Kartaj ta nuna cewa zargin maƙiyi na iya zama gaskiya. Abin da Richardson ya rubuta ya nuna cewa ran bawa da na talaka ba shi da tsada a fadar wancan zamani. Don haka matsayin da ya dace shi ne a ba da shi a matsayin labarin baka, a ce "an ce", kada a mai da shi tabbataccen tarihi, kada kuma a share shi.

Abu ɗaya dai tarihi ya tabbatar: abin da ya sami biranen. Sojojin Babila sun rushe Ƙudus wajen 586 kafin Miladiyya. Rumawa sun ƙone Kartaj a 146 kafin Miladiyya. Garun Damagaram ya yi fiye da shekara 40 ba wanda ya ci shi, a lokacin da masarautar ke da dawaki da bindigogi da igwa fiye da yawancin maƙwabtanta. Bayan kisan Kyaftin Cazemajou a watan Mayun 1898, sojojin Faransa suka zo, suka karya rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, suka shiga Birni ba tare da an gwabza a bakin garun ba. Yau guntaye ne suka rage na katangar. Tun 2006 unguwar Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman shiga kayan tarihin duniya.

Fansa: amsar addini

Yahudawa da Kirista da Musulmi duk suna riƙe da ƙissar Annabi Ibrahim da ɗansa, wadda ta ƙare da yankan rago. Littafin Farawa, babi na 22, ya ce Is'haƙu ne ɗan. Ayoyin Suratus Saffat da suka ba da ƙissar ba su ambaci suna ba, amma mafi yawan malaman Musulunci, irin su Ibnu Kasir, sun tafi a kan Isma'ilu ne. Kowace Babbar Salla ragon layya na tuna wa Musulmi cewa an fanshi yaron.

Littattafan sira sun kawo cewa Abdul Muɗɗalibi ya yi bakancen yanka ɗaya daga cikin ƴaƴansa idan suka kai 10. Ƙuri'a ta faɗa kan Abdullahi, mahaifin Manzon Allah (SAW), aka fanshe shi da raƙuma 100. Suratul An'am ta bayyana kashe ƴaƴa a matsayin abin da abokan shirka suka ƙawata wa mushirikai, ta ce masu yin sa sun yi hasara. Suratul Isra'i ta hana kashe su don tsoron talauci. Saboda haka, ko da an sa Alƙur'ani a cikin garu, abin da ke rubuce a cikinsa ya haramta abin da aka ce an yi a gefensa.

Me ya sa maganar ta shafe mu yau

Tunanin cewa jinin yaro na sayen mulki ko dukiya bai mutu ba. A Satumban 1996 kisan wani yaro ɗan talla don tsafi ya jawo tarzoma a Owerri ta Najeriya. A 2021 Uganda ta kafa doka ta musamman kan hadaya da mutane, kuma a Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan hare-haren tsafi. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma a dokar ƙasa kisa don tsafi kisan kai ne. Yaran da suka fi zama cikin haɗari su ne waɗanda ba mai sa musu ido: ƴan talla, da almajirai, da marayu.

Yadda ake ba yara labarin garun yana da tasiri. Idan aka ce musu jinin ƴan matan ne ya tsare Damagaram, an koya musu cewa maganin na ci. Idan aka haɗa musu da Tirmini, sun ji labarin har ƙarshensa.

A yadda aka saba ba da labarin, ana kiran sunan sarki, ana faɗin tsayin garu da yawan ƙofofi, amma ba a kiran sunan ko ɗaya daga cikin ƴan matan, kamar dai ƴar Yefta. Suratut Takwir, aya ta 8 da ta 9, ta ce ranar Alƙiyama za a tambayi yarinyar da aka binne da rai laifin da ta yi aka kashe ta.